Yadin Ulu na Kaka Toku

Ichinomiya, 18 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga Yaya Hisano,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kaka Toku. Na san yanzu an gama yankan shinkafa, kuna kan tsinkar tuffa a gonakin mutane. Yaya gwiwar Kaka, yaya kuma tarin nan nata da ke tasowa da zarar iska ta juya? Ni lafiyata ƙalau, sai dai ƙarar injin saƙa ta cika mini kunne, har in na fita waje sai in riƙa yi wa mutane magana da ihu ban sani ba.

Za ki ga ƙunshi tare da wannan wasiƙa. Yadin ulu ne, launin shuni mai duhu, daga injin da nake tsaye a kansa ya fito. Ba ragowa ba ne, mai kyan ne, irin wanda ake kai wa manyan kantunan Tokyo. Wata biyar ina wuce mai gasasshen dankali ina kau da kai, 'yan ɗakinmu suna tafiya silima ranar Lahadi ina zaune ina wanki, kafin na iya sayensa. Ki ɗinka wa Kaka rigar sanyi da shi, ki cika mata auduga a baya sosai. Ni ban iya allura kamar ke ba, wannan kowa ya sani, an kuma sha faɗa mini.

Kin tuna ranar da kuka raka ni tashar Goshogawara? Na sayi lemon kwalba, na sha rabi, jirgi ya iso na bar sauran a kan benci. Kaka ta ɗauka ta shanye a gaban mutane, ta ce, "Yarinyar nan hannunta rariya ne. Da Hisano ce, har kwalbar sai ta san abin da za ta yi da ita." Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinta, kuma shekara biyu tana bi na. Tun ina 'yar shekara shida, da uwata ta rasu, ta ɗauko ni don ita ce ƙanwar kakata, amma ban taɓa jin ta ce mini mai tattali ba ko sau ɗaya. Ke kuwa da kika zo daga dangin marigayi mijinta, kullum sunanki ke nan a bakinta. To ga shi nan, ki gaya mata rariya ma ta tara abu.

Abu ɗaya kada ki manta. Ulu ba irin yadin rama da audugar da kuka saba ba ne, asu yana sonsa kamar me. In ba yanzu za ki yanka ba, ki sa kafur a cikinsa, ki kuma riƙa fito da shi yana shan iska, balle in zafi ya shigo. Ki karanta wa Kaka wannan wurin da kyau, tunda ita ba ta karatu.

Ƙanwarki,
Teruyo


Tsugaru, 9 ga Nuwamba, 1964

Teruyo 'yar birni,

Wasiƙarki ta iso, ƙunshi ma ya iso. Muna lafiya. Dusar ƙanƙarar farko ta sauka shekaranjiya, mun riga mun rataye daikon, farar saiwar nan mai kamar rogo, ya bushe, mun kare bangon arewa da karan shinkafa. Gwiwar Kaka da sauƙi, tarin dai yana nan.

Na san za ki so jin yadda ta karɓi kayan, to ga shi. Ba ta yarda na sa wuƙa a igiyar ba. Ta zauna ta kwance ƙulli bakwai da farce, ta naɗe igiyar ta sa a gwangwanin zare. Takardar ƙunshin ta shimfiɗa ta ƙarƙashin tabarma don ta miƙe, ta ce da ita za ta toshe hujin tagar ɗakin girki. Sai da ta gama duk wannan sannan ta dubi yadin. Ta shafa shi da bayan hannu, wai tafinta ya yi kaushi zai ja masa zare. Daga nan ta ninke shi ta sa can ƙasan adaka, ta mayar da komai a kansa, ta rufe.

Na ce, "Kaka, ɗinkawa fa aka ce in yi."

Ta ce, "Wa ya ce miki ba ni da riga?"

Rigar da take nufi kin san ta, wadda mijinta ya bari, wadda yau ba mai iya nuna ainihin yadinta saboda maho a kan maho. Makon jiya na ƙara mata biyu a kafaɗa da ƙyallen tsohon wandon gonata. Ita take sawa.

Ta ce in gaya miki kada ki ƙara irin wannan, ki ci abinci da kuɗinki. Na gaya miki. Maganar rariya kuwa ba ni na faɗa ba, don haka ki daina jifana da ita ta cikin ambulan.

Yayarki,
Hisano


Ichinomiya, 6 ga Disamba, 1964

Yaya Hisano,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi bai matsa muku ba. A gaishe da Kaka, in tana son gaisuwar.

Sau huɗu na karanta wasiƙarki a bayan ɗakin cin abinci, a na huɗun ban ga rubutun sosai ba. Igiya ta sami gwangwani, takarda ta sami taga, abin da na yi wata biyar ina hana bakina dominsa kuwa ya sami ƙasan adaka, inda ake tura abin da ba a son gani. "Ta mayar da komai a kansa." Har wannan sai da kika rubuta mini, don in tabbata an danne shi da kyau.

Ki faɗa mini gaskiya, sau nawa kika ce mata a ɗinka? Sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, ko? Na san ki, Yaya. In kina son Kaka ta yi abu kin san ƙofar da kike bi. Ke kika sa ta yarda aka jawo fitilar lantarki ɗakin girki bayan ta yi shekara uku tana cewa a'a. Amma ai in ta sa rigata, wa zai ƙara tsayar da ita a hanya ya juya kafaɗarta ya ce, "Kai, ku dubi ɗinkin Hisano, kamar an jera ƙwayar shinkafa"? Abin da kike gudu ke nan, kada ki ce mini ba shi ba ne.

Ba zan zo sabuwar shekara ba. Ban ga abin da zan zo yi ba. Akwai wata 'yar Kagoshima a ɗakinmu da ita ma ba za ta je gida ba, za mu gasa mochi, curin dakakkiyar shinkafa, mu ci tare.

Teruyo


Tsugaru, 14 ga Maris, 1965

Teruyo,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma mun fito daga sanyin da ranmu, ko da yake Kaka ta yi kwana goma sha biyu a kwance cikin Janairu, tarin ya sauka mata ƙirji. Yanzu ta tashi, tana ci, tana faɗa, wato ta warke.

Wata uku ban amsa miki ba saboda duk takardar da na fara sai ta koma zagi. Ban dai yi asararsu ba, da su na yi ta hura wuta.

Kin ce ƙasan adaka wurin tura abin da ba a son gani ne. Shekara goma sha biyu kika yi a gidan nan, ashe ba ki taɓa lura da abin da ke wurin ba? Kimonon aurenta ne a can, rigar da ta sa ranar biki, da wasiƙar ƙarshe da ɗanta ya aiko daga fagen yaƙi. A tsakaninsu ta sa yadinki.

Kina son jin sauran? Duk wanda ya shigo gidan nan tun Nuwamba sai ya ga yadin. Mai kawo wasiƙa ya gani. Mai tallar kifi ya gani, daga nesa, don ba ta yarda ya matso ba. Goggo Mon ta maƙwabta ta gani sau shida. Kaka sai ta wanke hannu, ta kwashe adakar kaf, ta ɗauko shi a hannu biyu kamar jariri, ta ce, "Teruyo ce ta saƙa, da injin da ya fi ɗakin nan girma. Taɓa, amma da bayan hannu."

Goggo Mon ta ce, "To Toku, ki sa mana. Ko sai kin mutu za a lulluɓa miki?"

Ta ce, "Ke Mon, shi ya sa ba a ajiye komai a gidanki. In na sa ya tsufa, me zan nuna?"

Ni kuwa ina gefe da allura, ina toshe hannun rigar da take kwasar ƙanƙara da ita, take sauke tukunya da ita, take goge hanci da ita. Shekara goma sha huɗu ina yi wa matar nan ɗinki, ba ta taɓa wanke hannu kafin ta taɓa aikina ba. "Mai tattali," iyakar abin da nake samu ke nan, yadda ake yaba tukunyar da ba ta yoyo. Wai ke ce mai jin haushina? Ki zo ki zauna a wurina yini ɗaya ana nuna yadinki, sannan ki san haushi.

Lokacin da take kwance tana rawar ɗari, na ɗauko almakashi na ce yau dai sai na yanka. Ta miƙe zaune da zazzaɓin ta buge mini hannu, har almakashin ya faɗi. Ta ce, "Abu sabo fil, ba huji ba tabo, za ki sa masa ƙarfe? Me ya yi miki?" Wannan ita ce muryar ƙasa-ƙasar da kika ce na yi.

Yanzu ta ɗaure adakar da igiyarki, ta ce an gama kallo haka nan, haske zai cinye launin. Ba za a sake buɗewa ba sai ranar shanyar kaya, tsakiyar zafi.

Hisano


Ichinomiya, 2 ga Mayu, 1965

Yaya Hisano,

Gaisuwa da fatan alheri. A nan furanni sun gama zuba, na san naku yanzu suke buɗewa. Ciwon Kaka ya tayar mini da hankali. Haba Yaya, kwana goma sha biyu, ko waya ba za ki buga mini ba?

Ki yafe mini maganar murya. Na yi kuka da na karanta. Daga baya kuma, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, na yini ina murmushi a gaban inji har foman ya tambaye ni ko saurayi na yi. Amma daɗin bai kwana biyu ba. Na zauna na yi tunani: sanyi ya kusa kashe ta da ulu a cikin ɗaki, kuma abin da ke jikinta a duk kwanakin nan naki ne. Kina kukan tana goge hanci da aikinki. Ni da zan samu ta goge hanci da nawa, da na gode. Riga na aiko, ba abin nuna wa mai kifi ba.

Kin sa kafur ɗin kuwa? Ba ki taɓa cewa komai a kai ba. Zafi yana tafe, ga shi kuma a ɗaure ba iska. Ki amsa mini wannan ko da layi ɗaya ne.

Ƙanwarki,
Teruyo


Ichinomiya, 11 ga Yuli, 1965

Yaya,

Lafiya kuwa? Wata biyu shiru. In Kaka ce ba lafiya ki faɗa mini, in fushi kike ki rubuto zagin, zan karanta. Nan ruwa muke sha kullum, komai ya yi danshi. Kafur fa?

Teruyo


Tsugaru, 22 ga Agusta, 1965

Teruyo,

Mun gama bikin Obon na tunawa da magabata lafiya. Mun share kabarin mijin Kaka da na mahaifiyarki, na kunna mata turare da sunanki. Kaka lafiya lau. Wasiƙunki biyu sun iso. Ban amsa ba ne don na san abin da kike tambaya.

Asu ya ci yadin.

Ranar shanyar kaya muka buɗe adaka da hantsi, muka ɗaura igiya a inuwa. Kimonon aure lafiya, kayan rama ko ƙwarzane babu. Da na warware naki sai wasu 'yan ƙananan ƙwari suka tashi, gari ya zubo mini a ƙafa. Duk inda ninki yake sun bi sun huda, layi-layi, in kin ɗaga shi kina hango gonar Goggo Mon ta ciki.

Ban sa kafur ba, kuma ba mantawa na yi ba. Ranar da na karanta wa Kaka wasiƙarki ta farko, ina karatu tana shafa yadin, fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba, ko ranar da na miƙa mata bargon da na yi sanyi biyu ina harhaɗawa. Da na zo kan maganar asu sai na tsallake, na faɗa kan "ƙanwarki Teruyo", na ninke takardar. Ban ce a raina ya lalace ba. Na dai ce ba ni zan yi masa hidima ba. Da wasiƙarki ta Mayu ta zo na je har kanti, na ɗauki kafur na juya shi a hannu, na mayar. In na kawo sai ta tambaye ni me ya sa sai yanzu.

Duka na faɗa wa Kaka a wurin, a tsakar gida, da yadin a hannuna. Na zaci za ta dake ni, da ma ta yi. Kallona kawai ta yi ta ce, "Kafur na yen goma kika hana, kika ciyar da ƙwari gumin 'yar'uwarki. Ban san haka kike ba." Tun ranar ba ta ƙara kirana da sunan nan na mai tattali ba.

Sai kuma ta karɓi yadin ta shimfiɗa a baranda, ta durƙusa tana aunawa, da tafin hannu fa, ba da baya ba. Ina kallonta tana wartsakewa kamar wadda aka ba magani. "Nan zai yi wuyan riga. Nan zai rufe baya. Wannan siririn a bakin hannu. Kallona kika tsaya yi? Kawo almakashi kafin su ƙarasa sauran!" Kwana huɗu muka yi. Yanzu yadinki yana wuyan tsohuwar rigar da tsakiyar bayanta, ragowar kuma ta warware zaren ta ƙuƙƙulla ta sa a gwangwani. Ba abin da aka yar sai garin. Jiya, da zafin nan duka, ta sa ta ta tafi gidan Goggo Mon.

Ban roƙe ki yafiya ba don ban ga ta inda zan fara ba. Ki rubuto abin da kika ga dama.

Hisano


Ichinomiya, 5 ga Satumba, 1965

Hisano,

A gaishe mini da Kaka. Ke ban tambayi lafiyarki ba, na san kina lafiya.

Kin iya adana zare mai tsawon yatsa shekara goma, amma ba ki iya karanta layi uku ba. Kuma ko a nan ke kika ci. Yadina ya hau jikinta a ƙarshe, amma a matsayin maho, da ɗinkinki zagaye da shi. In an juya kafaɗarta a hanya, wa za a yaba? Ko kin shirya haka ko ba ki shirya ba, ni duk ɗaya ne a wurina.

Kada ki rubuto mini.

Teruyo


Ichinomiya, 24 ga Oktoba, 1965

Yaya Hisano,

Ina gaisuwa. Fushin bai tafi ba, amma sanyi yana tafe, shi kuwa ba zai jira in huce ba. Yaya tarin Kaka?

Takarda biyu ce a cikin ambulan. Wannan taki ce ke kaɗai, ɗayar ita za ki karanta mata. Tunda kin ƙware a tsallake, to ki tsallake wannan gaba ɗaya.

Na yi ta juya wasiƙarki har na gane abin da ku biyu ba ku faɗa ba. Kaka ba ta iya taɓa abu mai lafiya. Sai wanda ya ji ciwo, wanda in ba ta cece shi ba zai tafi a banza. To na sake sayen yadi irin na bara, har ya fi shi kauri. Ranar Lahadi da 'yan ɗakinmu suka fita na shimfiɗa shi, na ɗora dutsen guga mai zafi a gefe na ƙirga ashirin, na sake ɗorawa a tsakiya, daidai inda na san almakashi zai bi. Wari ya cika ɗakin kamar ana babbaka. Hawaye yana zuba, Yaya, ni da kaina ina ƙona abin da na tsaya a gaban inji na saƙa. Na kuma goga bakin yadin a ƙasa ya ɗauki ƙura. Na auna da kyau, abin da ya rage zai fitar da riga cikakkiya har da hannuwa.

A ɗaya takardar na rubuta cewa wata ce ta ƙona shi a sashen guga, foman ya ce a jefa a shara, ni kuma na bi kwandon na ciro. Na naɗe shi da tsohuwar jarida da igiya mai ƙulle-ƙulle, kada ki gyara.

In kika tona ni, ta mayar da shi adaka ko ta ƙi shi baki ɗaya, to sanyin bana a wuyanki yake. Kin san abin da kika yi mini, wannan kaɗai nake nema a wurinki. Akwai kafur a ciki, da kaina na sa.

Teruyo


Tsugaru, 12 ga Disamba, 1965

Teruyo,

Muna lafiya. Ƙanƙara ta kai gindin taga. Tarin Kaka bana bai sauka ƙirji ba.

Na karanta mata takardarki yadda kika rubuta, ban rage ko harafi ba. Tun kafin in kai ƙarshe ta ɗaga wurin ƙunar ta shinshina, ta dafe ƙirji. "A shara? Wannan? Mutanen birni sun haukace!" A ranar ta sa na auna ta. Kwana tara na yi ina ɗinki, na cika auduga a baya. Ƙunar tsakiya ta faɗa daidai inda kika auna. Ta gefen kuwa ta hana ni yankewa, ta ce in bar ta a cikin haɓar rigar. Rigar ta zauna mata. Ban taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan kyau ba, ba kuma wanda ya dubi ɗinkin.

Ranar takwas ga wata ta sa ta zuwa taron mata a haikali, ina bayanta riƙe da lema. Tun a bakin ƙofa ta juya haɓar rigar tana nuna musu ƙunar ɗaya bayan ɗaya. "Daga kwandon shara ta ciro shi. Yarinya ƙarama, a tsakiyar birni, ƙawayenta suna kallo, ba ta ji kunya ba ta sa hannu. Jinina ce, ai dole."

Goggo Mon ta ce, "To Hisano fa, da ta ɗinka?"

Ta ce, "Hisano ta iya allura. Amma ni ba maganar allura nake ba."

Na tsaya da lema a hannu, ƙanƙara tana narkewa tana ɗiga mini a ƙafa. Magana ɗaya ce a bakina: Kaka, da hannunta ta ƙona, sabo fil, har ashirin ta ƙirga. Har na buɗe baki. Sai na ga ta tsaya miƙe, ba ta ƙanƙame jiki ba, ba ta cusa hannu a hamata ba, karo na farko a watan Disamba tun da na san ta. Na rufe bakina.

Na taɓa nuna miki sunan nan ba komai ba ne a wurina. Ashe shi kaɗai gare ni a gidan nan. Ba ni da inji, ba ni da albashi, kuma ni ba jininta ba ce. Kusan shekara goma sha biyar ina ƙulla guntun zare, ina cin ƙanzon tukunya, ina shayar da shuka da ruwan wankin shinkafa, na yi kuskure ɗaya. Ke kuwa kin ƙona sabon ulu da gangan, kin tafi da sunan. Ina jin haushinki, Teruyo, haushin da ban san ranar fitarsa ba. Kuma ba zan tona ki ba muddin tana da rai, bayan ranta ma ba zan tona ba.

Akwai 'yar takarda a ciki, saƙonta ne da bakinta. A bayan tsohon ambulan ta sa na rubuta don kada a ɓata sabuwa, kuma tunda an san halina, sai da ta tsayar da mai kawo wasiƙa ya karanta mata ta ji ban rage komai ba. Rubutuna ne, za ki gane shi.

Hisano


Teruyo, Kaka ce. Riga ta yi, ba na jin sanyi. A duk zuriyar nan ke ce mai tattali. Na gaya wa Hisano ta yi koyi da ke.